Tambayoyinku: Me Ke Wuce da Zafi da Lantarki a Ɗakin Girki, Me Ke Tare Su?

Wasiƙun wannan karon galibinsu daga ɗakin girki suka fito: mai ƙuna a hannu, mai shinkafar da ke kamawa, mai firjin da ke jan mutane. Mun haɗa su wuri ɗaya domin jijiyarsu ɗaya ce. Kamar kullum, mun taƙaita wasu tambayoyin, mun kuma sakaya sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum. In na manta cokali a tukunyar miya, kafin in juya ya zama ba ya taɓuwa. Amma muciya sai in gama tuƙin tuwo tana cikin tukunya ban ji komai a hannu ba. Mene ne dalili? *Wata uwargida daga Tudun Wada, Zariya.*

Amsa: Wa alaikumus salam, uwargida. Zafi kullum tafiya yake yi daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci, sai dai ba kowane abu ne ke buɗe masa hanya ba. A cikin ƙarfe akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira ilektoron, waɗanda ba a ɗaure suke ba, suna zirga-zirga daga wannan kai zuwa wancan. Da bakin cokali ya sha zafi, su ne ke kwasarsa su kai mariƙi, kamar yaran aike a kasuwa. A itace kuwa kowace ƙwaya tana nan inda take, sai dai zafin ya riƙa ratsawa a hankali daga maƙwabci zuwa maƙwabci. Ƙari a kan haka, busasshen itace cike yake da ƙananan ramuka masu iska, ita kuwa iskar da ba ta motsi tana cikin abubuwan da suka fi komai tare zafi.

Akwai ma'aunin da ake gwada wannan da shi. Ba sai mun shiga lissafinsa ba, lambobin kaɗai sun isa a kwatanta. Jan ƙarfe yana da kimanin 400, alminiyam kimanin 235, baƙin ƙarfe na zubi wajen 50. Silbar da ake yin kwanuka da cokula da ita, wato ƙarfen nan da ba ya tsatsa, 15 kacal gare ta. Gilashi da gasasshen yumɓu suna wajen 1, ruwa 0.6, roba 0.2, busasshen itace 0.15, iska kuma 0.025. Ashe ke nan cokalin alminiyam ya fi muciyarki saurin wuce da zafi fiye da sau 1,500. Ko a tsakanin ƙarafan ma akwai tazara babba: cokalin silba mai dogon siririn mariƙi zai daɗe a miya kafin ya dame ki, na alminiyam kuwa nan da nan.

Wannan ne ma ya sa da asubar hunturu bokitin ƙarfe ya fi ƙyauren katako sanyi a hannu, alhali a ɗaki ɗaya suka kwana kuma sanyinsu ɗaya ne. Bokitin ne ke zuƙe ɗumin tafin hannunki da sauri.

Ƙwayoyin da ke ɗaukar zafi a ƙarfe su ne dai ke ɗaukar lantarki, shi ya sa jerin bai cika canzawa ba. Jan ƙarfe ne a gaba cikin waɗanda ake yin waya da su, alminiyam yana wuce da kimanin kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke wucewa da shi, silba ba ta kai kashi 3 ba. Amma kada wannan ya ruɗi kowa: kashi 3 ɗin ma ya isa ya kashe mutum.

A kula da robar kicin. Baƙin mariƙin tukunya mai tauri irin robar da Leo Baekeland ya ƙirƙiro ce a 1907, ba ta narkewa, sai dai ta ƙone ta farfashe in harshen gas yana lasarta, don haka kada wuta ta wuce faɗin gindin tukunya. Ludayin roba na kasuwa kuwa yana narkewa a wajen digiri 160, man suyar ƙosai kuma yana kai 170 zuwa 190. Ba su dace da juna ba.

Tambaya: Ina sayar da shinkafa da miya. Na sayi sabuwar tukunyar silba mai ƙyalli, amma kullum sai shinkafa ta kama a tsakiya, gefe kuma bai nuna ba. Tsohuwar tukunyata ta zubi ba ta taɓa yi mini haka ba. An cuce ni ne? *Wata mai abinci daga Fagge, Kano.*

Amsa: Hajiya, ba lallai ne an cuce ki ba, halin ƙarfen ke nan. Tukunya aiki biyu take yi: ta shigar da zafi ciki, ta kuma baza shi gefe da gefe. Na farkon kowace tukunya tana yi, tunda gindin siriri ne. A na biyun ake bambanta. Silba ba ta iya baza zafi, to in ta haɗu da rashin kauri, inda harshen wuta ya taɓa nan kaɗai ke yin zafi. Tsohuwar tukunyarki ta alminiyam ce mai kauri, ta fi silba saurin baza zafi kusan sau 15, ga kaurin da ke ba zafin hanyar yaɗuwa kafin ya iso ga shinkafa.

Ki gwada da idonki. Ki barbaɗa garin fulawa siriri a busasshiyar tukunyar, ki ɗora a wuta kaɗan. A ta silba za ki ga zobe mai ruwan ƙasa ya fito daidai siffar kan gas ɗinki, sauran garin fari fat. A mai kaurin kuwa garin zai sauya launi kusan gaba ɗaya.

Tukwanen silba masu tsada an manna musu faifan alminiyam ko jan ƙarfe a gindi don magance wannan. In za ki saya, ki juya ta ki duba: gindin zai yi nauyi, kaurinsa ya kai milimita 4 ko 5, kuma in kin ƙwanƙwasa ba ya ƙara irin ta gwangwani. Wadda kike da ita kuma ba asara ba ce. Ki sa maƙeri ya yanko miki faifan baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 3 zuwa 4, ya ɗan fi gindin tukunyar faɗi, ki riƙa ɗora shi tsakanin wuta da tukunya. Sannan da ruwa ya tafasa ki rage wuta. Ruwan da ke tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 komai yawan wutar da aka ba shi (a Jos ma, saboda tudu, wajen 96 yake tsayawa). Ƙarin wutar gas kawai yake ci, ya kuma ƙara ƙanzo.

Kowace tukunya da aikinta, kuma a nan silba tana da ranarta. Kanwa tana cin alminiyam, shi ya sa tukunyar da ake yawan dafa wake da kanwa a ciki take baƙi, daga baya ta yi ƙananan ramuka. Abu mai tsami, irin tsamiya da zoɓo da tumatir, shi ma yana ɗebo ƙarfen ya shiga abinci, musamman in ya kwana a ciki. Waɗannan a silba ya kamata a yi su. Haka kuma tukwanen zubi da ake narka tsofaffin kayan inji a yi su suna iya ƙunsar dalma. Wani bincike da aka yi a Kamaru a 2014 ya samu dalma tana fita daga irinsu in an tafasa abu mai tsami. Dalmar nan ita ce gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga aikin zinare ta fito. Ra'ayinmu shi ne kada a ajiye miya ko kunun tsamiya a irin wannan tukunya, kuma kada a dafa abincin jarirai a ciki.

Don suya kuwa, kaskon baƙin ƙarfe mai nauyi ya fi, domin yana tara zafi da yawa, ko an zuba ƙullu mai sanyi mai ba ya hucewa. Tandar ƙasa ma haka take: tana jinkirin ɗaukar zafi, tana jinkirin sakinsa. Shi ya sa zubin farko na masa yakan kama in ba a bar tanda ta yi zafi sosai ba.

Tambaya: Na sauke tukunya da jiƙaƙƙen tsumma don ina ganin sanyinsa zai kare ni, sai na ƙone fiye da kullum. Yaya aka yi? *Wata amarya daga Gusau.*

Amsa: Allah ya ƙara sauƙi, amarya. Ba zaren tsumma ne ke kare hannu ba, iskar da ke maƙale a tsakanin zaren ce. Da kin jiƙa shi, ruwa ya kori iskar ya maye gurbinta, shi kuwa ruwa ya fi iska wuce da zafi kusan sau 25. Kuma ruwan da ya taɓa tukunyar yana zama tururi ya ratso zuwa fata. Busasshen tsumman auduga, a ninka shi huɗu, shi ne daidai. Kada a kama tukunya da gefen hijabi ko zani: yadin roba narkewa yake yi ya manne a fata, ga haɗarin kama wuta.

In an ƙone, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ƙwai, manja ko gishiri. In ƙunar ta fi tafin hannu faɗi, ko a fuska take, ko yaro ne, a tafi asibiti.

Tambaya: A ɗakin kwananmu na makaranta muna dafa ruwan wanka da hita. Kwanan nan in na sa yatsa don jin ko ya yi zafi, sai in ji yana ja na kaɗan-kaɗan. Abokina ya ce ba komai tunda bokitin roba ne. Gaskiya ne? *Wani ɗalibi daga Sakkwato.*

Amsa: Ba gaskiya ba ne, ɗalibi, kuma ka jefar da wannan hita yau. Ga abin da ke cikinta. A cikin naɗaɗɗen bututun akwai siririyar waya ta nikal da kuromiyam, ita ce ke yin ja in lantarki ya bi ta. Tsakaninta da bangon bututun an ɗura wani farin gari, magnesiyam oksaid, wanda ke da hali na musamman: yana barin zafi ya wuce, amma yana tare lantarki. Muddin garin nan a bushe yake, bututun ba shi da wuta. In aka kunna hita ba a cikin ruwa ba, ko ruwan ya yi ƙasa, zafin ba shi da wurin zuwa, cikin daƙiƙu bututun zai yi ja ya tsage. Ruwa ya shiga, garin ya sha danshi, lantarki ya samu hanyar fitowa. Yawancin masu arha kuma waya biyu gare su, babu wayar ƙasa da za ta kwashe wutar da ta ɓalle.

Tsantsar ruwa ba ya wuce da lantarki sosai, amma ruwan famfo da na rijiya da na burtsatse duk suna ɗauke da narkakkun gishirai, su ne ke ɗaukar wutar. Bokitin roba ya hana ta sauka ƙasa ta jikinsa, wannan gaskiya ne. To sai ta zauna a ruwan tana jira. Da ka sa yatsa, ƙafarka kuma tana kan jiƙaƙƙen siminti, kai ne ka zama hanyar.

Ga lissafin. Busasshiyar fata tana da turjiya ga lantarki ta dubban om masu yawa (om shi ne ma'aunin turjiyar), amma in ta jiƙe, jikin gaba ɗaya yana iya saukowa wajen om 1,000. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Ka raba 230 da 1,000, ka samu yawan wutar da za ta bi jikinka: amfiya 0.23, wato miliamfiya 230 (miliamfiya 1,000 ne amfiya ɗaya). Mutum yana fara jin tsikari a miliamfiya 1. A wajen 10 zuwa 15 hannu yana ƙanƙamewa ya kasa saki. Daga 50 zuwa 100, in ta bi ta ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya. Wato abin da tsohon ƙwan fitila mai wat 60 ke ja, kimanin miliamfiya 260, ya isa ya yi kisa. Jan da kake ji kaɗan-kaɗan alama ce cewa tsagar ba ta gama buɗewa ba tukuna.

In ka sayi sabuwa, ka rataye ta a busasshen itace da aka gitta a bakin bokiti, yadda ba za ta taɓa robar ba, ruwa ya rufe naɗin duka amma bai kai mariƙi ba. Ka sa ta a ruwa kafin ka jona. In ka gama, ka zare fulogi daga soket, ka jira kamar minti ɗaya, sannan ka ciro ta. Kashe makunni kaɗai bai isa ba, domin a gidaje da yawa an juya wayoyin, makunnin yana yanke wadda ba ta da wuta ya bar mai wutar. Maimakon yatsa, ka yi amfani da agogo: hita mai wat 1,000 tana ɗaga lita 10 daga digiri 25 zuwa 45 cikin kimanin minti 14. In an ɗauke wuta, ka zare ta nan take. An sha yin gobara saboda an dawo da wuta babu kowa a ɗaki, ruwa ya ƙafe, bokiti ya kama. Bokitin ƙarfe kuwa ya fi muni, domin duk jikinsa ne ke ɗaukar wuta. Ita kuma hitar haɗin gida da ake yi da reza biyu ko cokula biyu, ruwan kansa ne wayarta, babu wata hanyar amfani da ita lafiya.

Tambaya: Firjinmu yana jan yara in sun taɓa shi ba takalmi, ni kuma da silifas ba na jin komai. Mai gyara ya ce a ɗora shi a kan katako. Ya wadatar? *Wani magidanci daga Gombe.*

Amsa: Bai wadatar ba, Malam. Katakon zai raba firjin da ƙasa, amma wutar tana nan a jikinsa, yaro mara takalmi kuma shi ne zai haɗa su. Silifas ɗinka ma ɓoye matsalar yake yi, ranar da ya jiƙe ko ya huje ka shiga sahun yaran. Mutane da yawa suna ɗauka daɓen siminti ba ya wuce da lantarki. Yana wucewa, musamman bayan an goge shi da ruwa.

Abu biyu ne suka lalace. Na farko, wuta tana ɓallewa zuwa gangar jikin firjin, ko dai daga wayar da ɓera ya ci, ko danshi a mahaɗar kwamfiresa, ko rufin wayoyin cikinta da ya tsufa. Na biyu, babu wayar ƙasa. A fulogi mai ƙafa uku, waya mai kore da rawaya tana zuwa doguwar ƙafar sama, mai ruwan ƙasa ita ce mai wuta kuma tana bi ta fis, shuɗiya ita ce ta dawowa. A tsofaffin gidaje za ka tarar da ja da baƙa a madadin mai ruwan ƙasa da shuɗiya. Wayar ƙasa tana haɗa jikin firji da sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa mai danshi, tsawonta aƙalla mita 1.2, domin wutar da ta ɓalle ta bi can. Sau da yawa sai a buɗe soket a tarar ramin saman ba a jona masa komai ba, ko an yanke fulogin asali an tura tsirarun wayoyi biyu da tsinken ashana.

Ka kira ƙwararren mai aikin wuta ya auna firjin da mita, ya gyara inda ke yoyo, ya tabbatar da wayar ƙasa tun daga soket har sanda. Sannan ka nemi ya sa maka na'urar yanke wuta mai miliamfiya 30, wadda ake kira RCD. Ita tana kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo, da ta ga giɓi sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Birekar da aka saba sawa mai amfiya 20 ko 32 waya take karewa daga ƙonewa, ba mutum ba. Na'urar tana da maɓallin gwaji, a riƙa danna shi lokaci-lokaci.

In wuta ta kama wani, kada a taɓa shi da hannu. A kashe daga babban makunni. In ba a kai gare shi ba, a tsaya a busasshen katako a ture shi da busasshiyar taɓarya ko muciya, ba wadda aka wanke yanzu ba, domin jiƙaƙƙen itace yana wuce da wuta. Wannan na wutar cikin gida ne kawai, babbar wayar kan titi ba a ko kusantarta. A kai shi asibiti ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau.

Tambaya: In na jona butar lantarki da murhun lantarki a doguwar wayar soket, sai wayar ta yi laushi tana warin roba. Ba jan ƙarfe ne a ciki ba? *Wata ma'aikaciya daga Bauchi.*

Amsa: Malama, ko jan ƙarfe ne yana da iyaka. Butar lantarki mai wat 2,200 tana jan kimanin amfiya 9.5, murhu mai wat 1,500 yana jan 6.5, jimilla 16. Fulogi mai ƙafa uku an yi shi ne don 13, wato wajen wat 3,000. Wayoyi masu arha kuwa kaurin cikinsu murabba'in milimita 0.5 ne ko 0.75, wanda bai wuce ɗaukar amfiya 3 zuwa 6 ba. Zafin da waya ke yi kuma ba a hankali yake hawa ba: in wutar ta ninka biyu, zafin ya ninka huɗu. Robar da aka rufe wayar da ita an yi ta ne don digiri 70. Da ta wuce haka sai ta yi laushi, wayoyin biyu su haɗu.

Wasu wayoyin ma alminiyam ne aka yi wa fentin jan ƙarfe. Ki kankare silin ɗaya da reza, in cikin fari ne, shi ne. Kowane abu mai ɗumama, buta ko murhu ko dutsen guga, a ba shi soket ɗinsa na bango, wanda aka ja da waya mai 2.5. In dole sai doguwar waya, ta zama mai 1.5, a warware ta duka, abu ɗaya kuma a lokaci ɗaya. Soket ɗin da bakinsa ya yi baƙi ya saki ne, a canza shi. Fis ɗin da ya ƙone kuma aikinsa ya yi, kada a maye gurbinsa da waya ko takardar ƙyalli. In wuta ta tashi, a kashe babban makunni tukuna, a zuba busasshen yashi, ba ruwa ba.

Tambaya: Na sayi randa mai fenti don ado, amma ruwanta ba ya sanyi kamar ta tsohuwarmu. Sannan me ya sa masu ƙanƙara ke lulluɓe ta da buhu, alhali lulluɓi ɗumi yake kawowa? *Wani mai karatu daga Maraɗi.*

Amsa: Malam, lulluɓi ba ya ƙirƙirar ɗumi, tare hanya kawai yake yi. A jikinka yana hana ɗumi fita, a kan ƙanƙara yana hana zafin waje shiga. Buhu da garin katako da soson da ke tsakanin bangon kula duk iska suke riƙewa, kuma duk suna rage aiki in sun jiƙe. Filas ya fi su, domin an zuƙe iskar ma gaba ɗaya daga tsakanin bangonsa biyu, dabarar da James Dewar ya fito da ita a 1892. In ka zuba tafasasshen ruwa ka ji bayan filas ya yi ɗumi, iska ta shiga, ya tashi daga aiki. Kula da filas sun fi riƙe zafi in an fara ɗauraye su da ruwan zafi na minti 5 kuma aka cika su. Abincin da ya sauko ƙasa da digiri 60 ya daɗe a haka, musamman shinkafa, ƙwayoyin cuta suna samun wurin hayayyafa.

Randa kuwa ba tare zafi take yi ba, fitar da shi take yi. Ruwa yana tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, iska ta busar da shi, bushewar kuma tana tafiya da zafi mai yawa. Rubu'in lita da ya bushe yana ɗauke zafin da zai iya sauko da lita 20 da kusan digiri 7. Fenti ya toshe ƙofofin, randarka ta zama bokiti kawai. Tsohuwar randa ma tana toshewa da datti da gishirin ruwa, sai an goge ta ciki da waje. A ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ta fi aiki da hunturu da bazara, a watan Agusta kuwa iska ta riga ta ƙoshi da danshi. Da wannan hikimar Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000.

Tambaya: Ina koyar da kimiyya a firamare, ba mu da ɗakin gwaji. Yaya zan nuna wa yara wannan darasi da kayan gida? *Wata malama daga Damaturu.*

Amsa: Malama, kayan ba su da yawa. Ki nemi batir mai bolt 9, ƙaramin ƙwai irin na tocilar zamani (LED), da resista (ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta) mai om 470 daga wurin mai gyaran rediyo, sai gutsuren waya uku. Ki jera batir, resista da ƙwan a layi ɗaya, ki bar giɓi tsakanin bakin waya biyu. In kin haɗa bakunan ƙwan bai kama ba, ki juya ƙafafunsa, domin ta fuska ɗaya kawai yake karɓar wuta. Yara su riƙa cike giɓin da cokali, ƙusa, takardar alminiyam, muciya, ƙwarya, kofin gilashi, farantin tangaran da leda, amma kafin kowane gwaji su faɗi hasashensu a rubuta a allo. Ki ajiye musu bakin fensir a ƙarshe: ba ƙarfe ba ne, amma ƙwan zai kama. Kwanon samira ma zai ba su mamaki, domin a kan fentinsa ba ya kamawa, a inda ya ɓantare kuwa yana kamawa.

Sai ruwa. Kofi uku na roba, kowanne da ruwan batir, wato tataccen ruwan da ake sayarwa don batirin mota, ba asid ba. Na farko a bar shi haka, na biyu a narka cokalin sukari, na uku cokalin gishiri. A tsoma bakunan wayar da tazarar yatsa ɗaya. Na farko da na biyu ƙwan ba zai yi wani haske ba, na uku zai haska sosai. Ki kuma gwada muciya a bushe, sannan ki jiƙa ta da ruwan gishirin ki sake gwadawa da bakunan kusa da juna a wuri mai duhu.

Na zafi kuma, ki tsayar da cokalin alminiyam, na silba, na roba da na itace masu kusan tsawo ɗaya a kofin ruwan zafi. A saman kowane mariƙi ki manna ƙwayar wake da ɗan man shanu mai daskarewa, a tsayi ɗaya. Ki rufe bakin kofin da kwali mai huda huɗu don kada tururi ya narka man ya ɓata gwajin. Ruwan zafin ke kaɗai za ki zuba, kuma ki gaya wa yaran a fili cewa gwajin lantarkin da batir kawai ake yinsa, ba a kai shi soket ɗin gida.